Matakan Ɗaukar Ƙwararrun Malamai a Makarantun Gwamnati a Zariya

Matakin farko shi ne sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya tattara bayanan kowace makaranta, ya gano darussan da ba su da malamai, domin sau da yawa makarantun cikin gari kamar na Tudun Wada suna da isassun ma'aikata, alhali na ƙauyuka suna fama da ƙaranci. Waɗannan bayanai ne ake miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Kaduna, wato SUBEB, wadda ke ɗaukar malaman firamare.

Daga nan sai tantance takardu. Shaidar NCE, wato ta kammala kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin abin da ake karɓa, wanda kuma ya yi digiri a wani fanni da ba na koyarwa ba, kamar lissafi, sai ya ƙara da diflomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE, wadda ake samu a Jami'ar Ahmadu Bello ko Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Ya kamata a tuntuɓi makarantar da ta bayar da shaidar kai tsaye, domin takardun jabu suna yawo.

Dole ne kuma mai nema ya ci jarrabawar hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa a 1993, ya sami rajista da lasisin koyarwa. A ganina, hakan ma bai wadatar ba. Jihar ta sallami malamai fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta 2017, saboda haka a sa kowane mai nema ya koyar da darasi a gaban ɗalibai kafin a ba shi takardar kama aiki.