Murya ba ta tashi idan ka jona waya ko MP da rediyon mota? Duba nan kafin ka canza sifika

Direbobi masu jigila Wudil zuwa Gaya ko Ringim zuwa Kano suna yawan kawo wannan kukan, wai in sun kamo Freedom a 99.5 mota har girgiza take, amma suna jona waya ko 'yar MP don saka karatu ko waƙa sai murya ta koma kamar daga cikin rijiya, ko an ƙure rediyon na kujerar baya ba ya jin komai. Nan take sai a ce sifika ta mutu. To ba ta mutu ba malam, tunda tana tashi da gidan rediyo ai lafiyarta lau, matsalar tana tsakanin wayarka da rediyon ne, kar ka bari rewaya ya sa ka sayen sifika a banza.

Kaga ramin eyafis na waya an yi shi ne don 'yan mitsitsin sifikun da ake cusawa a kunne, ƙarfin da yake fitarwa kaɗan ne, shi kuma ramin AUX na mota, wato inda ake soka kebul ɗin waya a jikin rediyo, ya fi son sauti mai ƙarfi irin na na'urar CD. Saboda haka murya biyu gare ka, ta waya da ta mota, kuma akasari a juye ake yin abin, a bar waya a rabi a murɗe ta mota har ƙarshe, sai ka ji wani shuuu yana bin waƙar. Ka dawo da ta mota daidai inda kake jin labarai, sannan ka ɗaga ta waya har sama, in ka ji ta fara karkarwa ka rage danni ɗaya ko biyu. Wayoyi da yawa suna tsayawa a hanya su rubuto gargaɗi cewa ƙara na lalata kunne, sai ka amince sannan su wuce, kuma bayan wani lokaci sukan sake komar da ita ƙasa da kansu ba ka sani ba. Masu Samsung su shiga saitin sauti su nemi Media volume limit su kashe shi. Ko da Bluetooth kake haɗawa haka ne, kowa da muryarsa.

In wannan bai yi ba sai kebul, kuma wallahi nan ne aka fi samun ɓarawon. Fara cire rigar wayar, robar nan mai kauri tana hana kan kebul shiga har ƙarshe, ya kamata ka ji ɗan ƙas idan ya zauna. Akwai wata alama da ba ta ƙarya, idan kiɗa yana fita amma muryar mawaƙin ta yi nisa ko ta ɓace gaba ɗaya, to ko kan bai shige ba ko kebul ɗin ya tsinke daga ciki, yawanci daidai wuyansa inda yake lanƙwashewa. Kunna waƙa ka riƙa murza wuyan a hankali, in murya tana zuwa tana ɗaukewa jefar da shi kawai, ba abin gyara ba ne. Wajen sayen sabo dubi kan ƙarfen, mai zobe biyu baƙaƙe shi ne na AUX, mai zobe uku na eyafis ne mai makirfo kuma wasu rediyoyin ba sa jituwa da shi. Sai ƙura, mu da muke bin hanyar burji ga hunturu ga waya kullum cikin aljihun riga, haska ramin da tocila ka gani, za ka sha mamakin audugar da ta dunƙule a ƙasa. Kashe wayar ka sa tsinken sakace ka zaƙulo a hankali, ban da allura ban da ruwa.

Shi ma rediyon yana da nasa saitin da mutane ba sa taɓawa tun ranar da aka ɗaura shi. A Pioneer sunansa SLA, yana tafiya daga -4 zuwa +4, a Sony AUX VOL, a Kenwood Volume Offset, aikinsu ɗaya, ɗaga muryar AUX ta kamo ta gidan rediyo. Amma sai kana kan AUX ɗin za ka saita, in kana kan FM a Pioneer ba ma zai ba ka ba.

Masu tsohuwar Golf da ba ta da AUX, ku da kuke soka modileta a ramin laita, wato ɗan abin nan da ke tura sautin waya zuwa rediyo ta FM, naku daban ne don shi ɗan ƙaramin gidan rediyo ne mai rauni, in ka ɗora shi kusa da tasha mai ƙarfi danne shi za ta yi. Kar ka zauna kusa da 88.5 na Dala ko 93.1 na Arewa, nemi inda babu komai sai shuuu, ka sa lamba ɗaya a modileta da rediyo. Lambar da ta yi maka kyau a Gumel tana iya lalacewa kana dosar Gezawa saboda tashoshin birni sun fara shigowa, sai ka sake nema. Rediyon da ya zo daga Japan kuwa da yawansu a 90 suke tsayawa, dole ka zaɓa tsakanin 87.5 da 90. Modiletan ma yana da maɓallin murya nasa, ƙure shi, in eriyar motar mai zugewa ce ka tura ta ciki.

Wani lokacin kuma ba laifin kowa, abin da aka tura maka ne haka aka ɗauke shi, wa'azin da wani ya naɗa da waya daga sahun baya aka yi ta yawo da shi a WhatsApp ba zai taɓa tashi kamar waƙar situdiyo ba. Gwada wani daban ka ji. Manhajar VLC tana iya kai murya har 200% in ka kunna mata a saiti, ga magana tana taimakawa, ga kiɗa kuwa tana yawan farfasa shi. Waɗancan manhajojin ƙara murya masu cike da talla ni ban ga amfaninsu ba.

In kana caji a mota ka ji wani siririn kuka yana hawa duk sanda ka taka totur, zare cajar ka ji, in ya ɗauke to daga nan ne, canza caja ko ka tambayi masu haɗa sautin mota ɗan abin da ake kira ground loop isolator, a tsakiyar kebul ake sa shi. In duk ka bi waɗannan murya ba ta ishe ka ba to wayar ce mai rauni, ko ka sa ƙaramar amfilifaya tsakaninta da rediyon, ko kuma in rediyonka yana cin filash ko memori ka zuba komai a ciki ka soka kai tsaye, nan babu ruwanka da ƙarfin waya. Kafin ka kai ga haka dai, duk sanda za ka koma FM daga AUX ka fara rage murya tukuna, don nan ne sifikar take fashewa da gaske.