Darasi na 7: Wane Aiki Ne Ba Ya Jira?

Kowane babban aiki tarin ƙananan ayyuka ne. Wasu ba sa farawa sai an gama wani, wasu kuma suna tafiya lokaci guda. Kafin ku ɗauki ma'aikata, ku zauna da takarda da fensir ku raba su.

Mu ɗauki ginin ɗaki ɗaya. Haƙa tushe kwana 3 ne, ɗaga bango kwana 8, rufi kwana 4. Kafinta zai ƙera ƙofa da tagogi cikin kwana 6, sannan a kafa su a kwana 1 bayan an gama rufi. Ku zana da'ira ga kowane aiki, ku ja kibiya daga aikin da ake jira zuwa wanda ke jiransa.

Idan aka tara kwanakin duka, 22 ne. Amma ginin ba zai ci kwana 22 ba, domin kafinta ba ruwansa da bango, tun ranar farko zai iya kama aikinsa. Ku bi kibiyoyin: tushe, bango, rufi, kafa ƙofa. Kwana 16 ke nan. Wannan ita ce hanya mafi tsawo, kuma ita ke yanke ranar gamawa. Magini ya makara kwana ɗaya, ginin duka ya makara. Kafinta kuwa yana da rarar kwana 9. A ganina nan ne masu aiki da yawa ke ɓata ƙarfinsu: suna matsa wa mai rara, sun bar wanda kowa ke jira.

Wannan dabara ta bin hanya mafi tsawo, da ake kira CPM (Critical Path Method a Turance), an ɓullo da ita ne a Amurka a 1957, a kamfanin DuPont. A 1958 rundunar sojin ruwan ƙasar ta fito da wata dabarar mai kama da ita, mai suna PERT, don aikin makami mai linzami na Polaris, saboda ayyukan da ba a da tabbacin tsawonsu. A PERT ana yin ƙiyasi uku na kwanakin da aiki zai ci: idan komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da idan an sami matsala. A ninka na tsakiya sau 4, a haɗa da sauran biyun, a raba gida 6. Misali bango: 6, 8 da 16. Wato 6 da 32 da 16, jimla 54, a raba 6, kwana 9.

Aikin gida: Kafinta ya makara kwana 11. Ku sake zana kibiyoyin. Kwana nawa ginin zai ci yanzu, kuma wace hanya ce ta zama mafi tsawo?