Kafin ka kunna injin huda ko na yanka a ƙasar da ka sauka

Da yawa daga cikin 'yan'uwa da ke sauka Ingila, Jamus, Amurka ko Kanada, aikin hannu ne ke fara buɗe musu ƙofa, ko a wurin gini, ko gyaran gidaje, ko shagon kafinta. Wani ma ba aiki ba ne, ɗakin haya ya kama yana so ya kafa labule. Ko ta ina aka bi, ba za ka daɗe ba a miƙo maka injin huda, zarton lantarki, ko injin yankan ƙarfe mai faifai. In ka taɓa riƙe su a da, hannunka zai gane su, injin kamfanin Makita dai Makita ne a ko'ina. Abin da ya sauya shi ne wutar da ke shiga injin, da bangon da za ka huda, da sanyin gari, da dokar wurin aiki. Galibi ta nan rauni ke zuwa wa sabon zuwa.

Wutar gida a Ingila da ƙasashen Turai bolt 230 ce, a Amurka da Kanada kuwa 120. Ɗan abin nan da ake saya don filogi ya shiga soket, siffar baki kawai yake sauyawa, ba ya taɓa ƙarfin wuta. Injin da aka ƙera don 120 in ka jona shi a 230 zai ƙone a hannunka. Saboda haka ka karanta ɗan allon da ke jikin injin tukuna. A wuraren gini na Ingila za ka ga akwati mai ruwan ɗorawa a ƙasa. Taransifoma ce mai rage wuta zuwa 110, an kuma tsara ta yadda ko waya ta ja mutum, abin da zai ratsa shi bai wuce bolt 55 ba. Filogi mai ruwan ɗorawa na 110 ne, shuɗi na 230, ja na 400, kuma bakinsu ba ya shiga na juna. Da gangan aka yi haka. Kada ka yanke filogi ka cusa tsirarar waya a soket don wai aiki na sauri.

In za ka yi aiki a waje ko inda akwai danshi, ka tabbata akwai na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara. A Turai RCD ake ce mata, a Amurka GFCI. Tana da maɓallin gwaji. Ka danna, in wuta ba ta ɗauke ba kada ka yi aiki da wannan soket ɗin. Doguwar wayar da ake naɗewa a gangarta kuma, a warware ta gaba ɗaya kafin a ɗora mata inji mai jan wuta, don in tana naɗe zafi take tarawa har robar ta narke. A Amurka lambar kaurin waya a juye take: mai lamba 12 ta fi mai 16 kauri.

Inji mai batir shi ne ya fi yaudara, kuma shi na fi jin tsoro a hannun sabon ma'aikaci. Mai waya in ka zare filogi ya mutu, kowa na gani. Mai batir kuwa kullum a shirye yake, ko yana kwance a cikin jaka. Yatsa ya taɓa makunni kana tsakiyar sauya faifai ko bakin zarto, shi ke nan. Don haka duk abin da zai kai hannunka kusa da baki, ko cire itacen da ya maƙale ne, zare batir ka ajiye gefe tukuna. Haka in za ka bar shi a gida inda yara suke: inji wuri ɗaya, batir wani wurin.

Batiran nan na litiyam ne, in suka kama wuta kashe su aiki ne ja. Ka yi caji da cajar kamfanin da ya yi batirin, a kan daɓe ko wani abu da ba ya ci da wuta, ba kan gado ko kafet ba, ba kuma a bakin ƙofar da za ka bi ka fita in wani abu ya faru ba. Kada ka jona ka kwanta barci. Batirin da ya kwana a mota cikin hunturu, a bar shi ya ɗumama a ɗaki kafin a sa shi caji, domin caji a sanyin da ruwa ke daskarewa yana lalata cikinsa. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari, ya gama aiki. Ba a jefa shi a kwandon shara, don motar shara in ta matse shi gobara ce. Akwai wuraren karɓar tsofaffin batira, galibi a manyan shagunan kayan gini ko cibiyar shara ta hukumar gari. Kada kuma ka zuba batir cikin jaka ɗaya da ƙusoshi da makullai, ƙarfe na iya haɗa bakinsa biyu. Batiran bogi masu araha da ake tallatawa a intanet da tambarin manyan kamfanoni, ni dai ban ga ribarsu ba.

Af, kada lamba ta ruɗe ka: batirin da kamfanin DeWalt ke kira 20V Max a Amurka shi ne 18V a Turai. In kuma za ka hau jirgi da batir, a jakar hannu ake riƙe shi, ba ya bin kayan da ake aunawa a sa a ƙasan jirgi.

Sai bango. Gidaje da yawa a can bangon cikinsu allon farar ƙasa ne a kan katako, a bayansa kuma wayoyi ne da bututun gas da na ruwan ɗumama ɗaki. A Ingila waya kan tashi daga soket ko makunnin fitila ta miƙe sama, ƙasa ko gefe, don haka ba a huda daidai saitinsu. Akwai 'yar na'ura da ake shafawa a bango ta yi ƙara in ta ji waya ko ƙarfe. In gidan haya ne, nemi izinin mai gida a rubuce, in ba haka ba a kuɗin ajiyarka za a cire. Tsohon gini yana da nasa sharrin. Sai a 1999 Ingila ta haramta asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini a da) gaba ɗaya, saboda haka duk ginin da aka yi kafin 2000 yana iya ɗauke da shi a silin, daɓe ko jikin bututu, ƙurarsa kuma tana jawo kansar huhu bayan shekaru masu yawa. A Amurka gidajen da aka gina kafin 1978 na iya samun fenti mai dalma, wanda gogarsa da inji ke cutar da yara. In ka yi shakka, ajiye injin ka tambaya.

Injin yanka mai faifai ba ya yafiya. Ƙaramin cikinsu yana juyi kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai ɗauka, a zoben ƙarfen tsakiyarsa kuma galibi akwai ranar da wa'adinsa zai ƙare, abin da mutane da yawa ba su taɓa dubawa ba. Kada ka cire murfin kariya don babban faifai ya shiga. Riƙe shi da hannu biyu, ka ɗaure abin da kake yankawa da maɗauri, ka kauce daga saitin faifan, don in ya maƙale baya yake harbowa. Ka jira ya tsaya cak kafin ka ajiye. Riga mai faɗin hannu, bakin mayafi, igiyar hular sanyi, duk abin da ke lilo a tattare shi. Safar hannu ma kusa da abu mai juyi tana iya jan yatsu ciki.

Yankan kankare, bulo ko dutse yana tada ƙura mai laushi da ke taruwa a huhu, kuma ba a warkewa daga ciwonta. Takunkumin da ya dace shi ne FFP3 a Turai, N95 ko sama da shi a Amurka, tare da jiƙa wurin yankan ko injin zuƙe ƙura. Masu gemu su lura da kyau: takunkumi ba ya manne wa fuska mai gashi, ƙura ta gefe take shiga. Ba dole sai ka aske ba, akwai irin wanda ke rufe kai duka yana hura iska mai tsabta. Ka nemi oga ya samo maka. Tabarau na kariya da abin toshe kunne kuwa kullum ne. In yatsunka sun fara yin fari suna mutuwa cikin sanyi bayan aiki da inji mai girgiza, ka faɗa da wuri.

A Ingila doka ta ɗora wa mai aiki ya ba ka kayan kariya kyauta, ya kuma koya maka injin kafin ya sa ka aiki da shi. Hukumar HSE, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a wurin aiki, ita ce ke sa ido. A Amurka OSHA ce, kana kuma da damar kai ƙara gare ta, doka ta hana a kore ka saboda haka. Sabon zuwa kan ji nauyin cewa bai iya ba, gudun kada a raina shi ko a sallame shi, sai ya gyaɗa kai alhali bai gane Turancin ba. Matambayi ba ya ɓata. Ka ce a nuna maka da hannu, a maimaita a hankali.

In wuta ta kama abokin aiki, kada ka taɓa shi. Kashe wutar daga tushe tukuna. Lambar gaggawa 999 ce a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada. Raunin da ka ji a bakin aiki, komai ƙanƙantarsa, ka sa a rubuta shi a littafin haɗurra na wurin a ranar, da kwanan wata da sunan wanda ya gani, domin da wannan rubutun ake neman diyya in ciwon ya girma daga baya.