Yadda Sabon Mawaƙin Rap Zai Ɗauki Waƙarsa ta Farko a Ɗaki

Yawancin waƙoƙin rap da matasan Kaduna, Kano, Jos da Damagaram ke ɗorawa a Audiomack, manhajar sauraron waƙoƙi, tun wajen ɗaukar murya suke lalacewa, kuma injiniya komai ƙwarewarsa ba ya gyara muryar da ta shigo a gurɓace.

Fara da kiɗa. Kada ka sauke na wani daga YouTube ka hau kai, domin ranar da waƙar ta fara tashi mai shi zai sa a cire ta. Sayi kiɗan wajen furodusa, ya ba ka shi a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ku rubuta a takarda ko haya ce ko ka mallake shi gaba ɗaya.

Sai rubutu, kuma a nan ake zama. Baitin rap da aka saba layi 16 ne, kowane layi bugu huɗu. In kiɗan yana bugu 90 a minti, baitin zai ci kusan daƙiƙa 43. Kowane layi na ɗaukar gajerun gaɓoɓi 16, amma ka tsaya a 11 zuwa 13, ragowar wurin numfashi ne. Wanda ya cika layi maƙil, a na shida zai fara haɗiye kalmomi. Gaɓa mai nauyi irin "baa" ko "kan" ta fi "ba" cin lokaci, saboda haka rera kowane layi a kan kiɗan kafin ka amince da shi. Ƙirga a takarda kaɗai yaudara ce.

Amsa-amo kuwa arha ne a Hausa, tunda kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa. Jera layuka goma masu ƙarewa da "a" ba gwaninta ba ce. Nemi gaɓa biyu su dace, kamar "gari" da "fari", ka kuma jefa wani a tsakiyar layi.

Wajen ɗauka, bangon siminti da rufin kwano suna mayar da murya ta yi kamar daga rijiya take fitowa. Jingina katifa a bayanka, rataya bargo a gefe biyu. Kashe fanka, ka jira dare ya yi nisa janaretan maƙwabta ya yi shiru. Bakinka da makirfo ya zama kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, da rariyar tare iska a tsakani don kada "b" da "f" su riƙa fashewa. A manhajar ɗaukar murya, saita ingancin ɗauka a 24-bit, ka rage ƙarfin shigar sauti har mafi ƙarar muryarka ta tsaya wajen -10 dB a ma'aunin ƙara. In muryar ta kai ja a ma'aunin, sake ɗauka kawai. Kiɗan a kunne za ka ji shi, ba a lasifika ba, in ba haka ba zai kutsa cikin muryar.

Ɗauki baitin sau uku ka zaɓi mafi kyau, sannan ka ninka ƙarshen layuka kaɗai, wato ka sake rera su a kan na farko. Ninka komai yana dagula lafazi.

Tura wa mai haɗa sauti muryar daban, kiɗa daban, ba tare da ka sa mata wani ado ba. In ta WhatsApp ce, tura a matsayin fayil, kada manhajar ta matse sautin. Audiomack za ka iya ɗorawa da kanka, amma Spotify da Apple Music sai ta hannun dillali irin DistroKid ko TuneCore, da hoton bango mai girman pixel 3000 a 3000. Miƙa musu mako uku ko huɗu kafin ranar fitarwa, domin Spotify na son a gabatar wa editocinta waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito.