Sakin Linzami a Shugabanci: Kurakuran da Aka Fi Yi da Hanyar Gyara Su

Duk wanda ya daɗe a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ya san irin maigidan da ke damƙa wa yaronsa makullin shago ya ce masa, "Ga amana nan," sannan ya koma wata harkar. Wani yakan dawo bayan shekara biyu ya tarar shago ya haifi shago, wani kuma ya tarar da kantoci wayam da littafin bashi cike da sunayen da babu wanda ya san ƙofar gidajensu. Dukansu sakin linzami suka yi. Tun ƙarni na 18 masana tattalin arziki a Faransa suke da kalmar da suke kiran wannan salo da ita, mai nufin a ƙyale mutane su yi harkarsu, kuma salon yana da amfani ƙwarai. Sai dai kurakuran da ake tafkawa a cikinsa kusan iri ɗaya ne, ko a shago, ko a ma'aikata, ko a gidan gwamnati.

Wanda na fi gani shi ne a saki aiki a kuma saki lissafi tare da shi. Na san wani dattijo mai sayar da atamfa da shadda da ya bar wa ɗan yayansa shago, ya yi shekara biyu bai ƙirga kaya ba, domin yana jin nauyin kada yaron ya zaci ana zarginsa. Ranar da ya zauna fitar da zakka, da littafi a cinyarsa da tabarau a hanci, sai ya ga kusan rabin jarin yana hannun waɗanda suka ɗauki kaya bashi. Yaron bai ci ko sisi ba. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya taɓa faɗa masa iyakar bashin da zai iya bayarwa, shi kuma ba ya iya kallon idon abokin kawunsa ya ce masa a'a. Gyaran wannan ana yin sa ne tun ranar miƙa makulli: a tsayar da ranar ƙirga kaya, ko duk ƙarshen wata ko bayan wata uku, a yanke adadin bashin da ba a wuce shi sai da izini, a kuma rubuta komai a gaban shaida. Idan ranar lissafi sananniya ce tun farko, babu wanda zai ɗauke ta a matsayin tuhuma. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsara haka a babin ƙiradi, inda mai dukiya ke ba da jari ya janye hannunsa daga saye da sayarwa, amma sai an fayyace adadin jarin da kason ribar kowa kafin a fara.

Akwai kuma sakar wa wanda bai isa a sakar masa ba. A 1939 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kurt Lewin da abokan aikinsa sun gwada salon shugabanci iri uku a kan rukunonin yara maza a Amurka, kuma rukunin da aka bari ba tare da jagora ba shi ne ya fi ƙarancin aiki. Telolinmu sun san wannan ba tare da sun karanta shi ba, shi ya sa ɗan koyo yake farawa da guga da sa maɓalli, kuma sai hannunsa ya faɗa ake ba shi almakashi ya yanka shaddar mutane. Ƙwararren ma'aikaci yana buƙatar a sakar masa mara, sabon shiga kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa, a riƙa sassautawa gwargwadon yadda yake nuna ƙwarewa.

Wasu shugabannin kuma da baki kawai suke sakin linzami. Sai a ce wa manaja komai yana hannunsa, amma da ya yanke hukunci sai a warware shi a gaban na ƙasa da shi, har ma'aikata su gane cewa maganarsa ba ta wuce bakin ƙofa. Idan akwai gyara, a kira shi gefe, a bar shi ya sanar da sauyin da kansa.

A ɓangaren gwamnati ne abin ya fi damuna, domin a nan kuskuren mutum ɗaya yakan shiga tukunyar miliyoyi. Ana yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: hukuma ta daina yin ciniki da kanta, da hukuma ta daina sa ido a kan masu ciniki. Ya tabbata cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Amma shi ne kuma ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai kayan a kan algus, ya kuma hana ɓoye kaya don a jira tsada. Ya bar farashi, bai bar ha'inci ba.

Tarihinmu na kusa ya nuna fuskokin biyu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ta kuma bar darajar naira a hannun kasuwa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda da yawansu suke dogaro da injuna da kayan gyara daga waje, sun shiga tsaka mai wuya, sannan rashin wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha ta kan iyakokin da ba a tsare ba suka ƙarasa da dama daga cikinsu. An ce su yi gasa, amma ba a ba su filin da za a yi gasar da adalci ba. Harkar waya kuwa ta bi wata hanya daban. A 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula ga kamfanoni, ta kuma ci gaba da zama alƙali a tsakaninsu, kuma layin da da farko sai mai hali yake iya saye ya zama abin da ɗan tireda da mai shayi ke riƙe da shi. A bankuna an ga abin da sakaci ke haifarwa, domin sai da basussukan da ba sa dawowa suka taru kafin Babban Banki, a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009 ya zuba musu naira biliyan 420.

Wani kuskuren da ke tafiya da wannan shi ne a yi shekaru ana zuba ido, sannan rana ɗaya a sauke guduma. Sana'ar acaɓa ta bunƙasa a Kano ba tare da cikakken tsari ba, har matsalar tsaro ta sa aka hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, dubban matasa suka wayi gari babu abin yi. Da an fara da rajista da lamba da ƙungiyoyin da za a iya kamawa da laifin 'ya'yansu, da sauyin ya zo da sauƙi.

Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hukuma ta rage hannunta a farashi, kuma wannan ya ƙara mata aiki a wani gefen. Mai adaidaita sahun da ya biya kuɗin lita biyar a gidan mai yana da haƙƙin a tabbatar masa lita biyar ce ta shiga tankinsa, haka ma matar da ta sayi kwanon gero a Dawanau tana da haƙƙin kwanon ya kasance ba a buga gindinsa ba. Wannan yana buƙatar ma'aikatan awo da ke fita da ma'auninsu a kai a kai, ba tare da sanarwa ba, su kuma rufe famfon da suka samu da tauye mudu har sai an gyara shi a gabansu.