Yadda Ake Zuwa Butre, Ƙauyen Bakin Teku a Ghana

Yawancin mutanenmu da na gani sun je Butre, ko 'yan Zangon Kumasi ko waɗanda suka zo daga Najeriya, da tunanin Labadi, bakin tekun shaƙatawa na Accra, suke zuwa, wato geti da tikiti da kiɗa da masu kawo maka lemo har kujera. Butre ba haka take ba. Ƙauyen masunta ne na mutanen Ahanta a yamma da Takoradi, jiragen kamun kifi ne da kwakwa da yashi, kuma shirun nan shi ne abin da ya kai ka.

Na farko dai ka yi sammako. Daga Accra bas zuwa Takoradi, daga nan trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, a nan ake samun motar Butre amma fa ba ta tashi sai ta cika, in la'asar ta same ka a Agona kawai ka yi shatar tasi, ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa a ciki, sannan ka karɓi lambar direban saboda ranar dawowa. Sidinka ka ciro tun daga Takoradi ka sa a yi maka canji ƙanana, MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, na aiki amma netwok yakan ɗauke. Watan Mayu da Yuni ni ba na ba kowa shawarar zuwa, ruwan sama a yankin nan ba wasa ba ne.

To ga inda nake so ka nutsu, maganar shiga ruwa. Wanda ya tashi yana iyo a kogi ko dam ko kududdufin unguwa gani yake ya iya ruwa, teku kuwa daban ne wallahi. Igiya ba turo ka kawai take yi ba, in za ta koma janye yashin ƙarƙashin ƙafarka take, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji dugaduganka na nutsewa, kafin ka gyara tsayuwa wata ta zo ta kai maka ƙirji. Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne wurin da ya ga ruwan ya kwanta luf ba kumfa, gefe da gefe igiya na fashewa amma tsakiyar shiru, sai ya ce nan ya fi sauƙi. Sau da yawa nan ne hanyar da ruwan ke bi ya koma ciki da ƙarfi. Bakin kogin Butre inda yake haɗuwa da teku ma kar ka yi wanka a wurin. Babu mai ceto a zaune yana jiranka fa, don haka kafin ka cire riga ka tambayi masunta ko masu masaukinka ina ake shiga yau, ba jiya ba, yau, domin wurin canzawa yake. Kar ka wuce iya ƙugu, kar ka juya wa teku baya don hoto, kar ka shiga da jallabiya ko zani mai nauyi, yaro kuma hannunsa cikin naka. In ƙaddara ta sa ruwa ya ja ka, kar ka yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa, gajiya ce ke kashe mutum, ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu, sannan ka yi iyo gefe har ka fita daga jan.

Sauran masu sauƙi ne. Da safe kafin rana ta yi zafi ka hau tudu ka ga Fort Batenstein, ginin Turawan Holan na 1656, daga can za ka hango gari da kogi da gadar katako gaba ɗaya. In kana da ƙafa ana takawa ta kan tudu har Busua, garin bakin teku da ke maƙwabtaka da Butre. Abinci ka tsaya kan kifi da dokunu (tuwon masara mai tsami) da shito (miyar barkono), nama kuwa sai ka tambaya tukuna. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, in kifin ranar kake so ka lissafa da wannan. Ka tafi da dardumarka da tocila da gidan sauro, ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, alƙibla kuma arewa maso gabas take, tekun zai zama a hannun damanka. Ka gaida mutane kafin ka ɗaga waya, matan da ke banda kifi ba sa son a ɗauke su ba izini, ledar ruwanka kuma ka dawo da ita a jaka har Agona.