Yadda ake gane gaɓoɓi a lissafin aljabara

Na daɗe ina yi wa yaran unguwarmu darasin lissafi da yamma a nan Agege, daga 'yan JSS 2 har masu shirin WAEC. Kusan duk wanda aljabara ta kayar, a wuri guda ta kayar da shi: bai san inda gaɓa take farawa ba. Ita kanta kalmar aljabara daga Larabci ta fito, al-jabr, wato ɗori, tun zamanin masanin lissafi al-Khwarizmi a Bagadaza a ƙarni na 9. Wanda bai san gaɓa ba kuwa ba ya ɗori.

Ka ɗauki layin lissafin kamar sandar rake. Alamar tarawa da ta ɗebewa su ne wurin sara. Sau da rabawa ba sa sara, shi ya sa 4xy gaɓa ɗaya ce, haka ma 2(x + 3) muddin ba ka buɗe baka ba.

Ga misali: 5x − 8 + 3x − 2.

Zagaye kowace gaɓa da fensir. Ban yarda da biro ba, don sai ka goge. Kalkuleta ma ba ta da aiki a nan, ka bar wa Baba kuɗinsa.

To, ga inda ake faɗuwa. Alamar da ke hagun lamba tata ce, tare za ka zagaye su, duk inda lambar ta koma da alamarta za ta tafi. Gaɓoɓinmu ke nan: 5x, −8, +3x, −2. Yaro sai ya zagaye 8 ya bar alamar a waje, ya ce 8 a cire 2 saura 6, ya rubuta 8x − 6. Abin yana ba ni takaici, domin sauran aikinsa daidai ne. Ka ɗauki −8 a matsayin bashi. Mai shago yana bin ka naira 8, ka sake cin bashin naira 2. Bashin raguwa ya yi? Ya zama 10. Amsar ita ce 8x − 10.

Sai haɗa masu kama da juna. A kasuwar Mile 12 ba a lissafa kwandon tumatir cikin na attarugu. Haka x ba ya haɗuwa da y, ba ya haɗuwa da x² ma, amma xy da yx abu ɗaya ne. In ka ga x tsura, akwai 1 a ɓoye tare da shi.

Kafin ka miƙa takarda, sa 1 a madadin x a tambayar da kuma amsarka. A misalinmu duka biyun −2 suke bayarwa. In suka saɓa, koma ka duba alamomin da ka zagaye.